Haƙoran Ƴar Kance

Gwaggo Tanna, yayar babana, tun kafin a haife ni take matsar man gyaɗa a Matameye. Baƙo ba ya tambayar gidanta, ƙanshin ƙuli-ƙuli ke kai shi har ƙofa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta biyu kuma ɗaya na Agadas, ɗaya na Kano. A hannunta na tashi har na tafi jami'a a Damagaram. Ba ta da yawan magana, ni ma haka, shi ya sa muka jitu. Mai surutun gidan ita ce kyanwa.

A cikin buhun gyaɗa kyanwar ta zo daga Kance, tana ƴar mitsitsiya, idanunta duk kwantsa. Gwaggo ta sa mata suna Ƴar Kance. Da farko aikinta korar ɓeraye daga ɗakin buhuna. Da shekaru suka ja, gidan ya yi shiru, sai ta zama abokiyar hira. Gwaggo na tuya tana ba ta labarin kasuwa, ita kuma tana amsawa.

Da na gama karatu na dawo gida, na tarar kyanwar ta rame, bakinta na wari, yawu na dalala. Sai ta ɗauki kifi ta saki, ta koma gefe tana kallonsa. Nono kaɗai take iya lasa. Gwaggo ma ta rage cin abinci, ko da yake ba ta yarda cewa saboda kyanwar ne ba.

Akwai wani likitan dabbobi, Dakta Cha'ibu, da ke zuwa daga Damagaram ran kasuwa yana duba shanu da awaki. Na roƙe shi ya biyo gida. Ya buɗe bakinta ya leƙa, sannan ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe yana saurare.

"Inna, datti ya daskare a haƙoranta, wasu sun ruɓe," in ji shi. "Sai an kankare, a cire ruɓaɓɓun, kuma ba za ta tsaya ba sai an sa ta barci. Ga shi ta tsufa, zuciyarta ba ta bugawa daidai. Allurar barcin na iya fin ƙarfinta."

"In an bar ta fa?" in ji Gwaggo.

"Yunwa za ta kashe ta ga abinci a gabanta."

Gwaggo ta shafa bayan kyanwar. "To, a gwada, lokotoro."

Ya ce mu kai ta wurinsa a Damagaram, inda kayan aikinsa suke. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada ta ci komai tun daga jajibiri. In akwai abu a cikinta tana iya yin amai cikin barci, ya toshe mata numfashi.

Gwaggo ta kiyaye, ita ma ba ta karya ba. Da safe muka sa kyanwar a kwando muka shiga mota a tasha. Kusa da mu akwai wata dattijuwa daga Tsauni, Hajiya Badariyya, mai fara'a, wadda kafin mu fita gari ta raba wa kowa dabino.

"Me ke cikin kwandon nan, Tanna? Kaza?"

"Kyanwa ce, Hajiya. Asibiti za mu."

"Asibiti! Kyanwa! Ni da gwiwar nan tawa shekara nawa ban samu mai kai ni ba." Mota ta ɗauki dariya. Hajiya ta leƙa kwandon, sai fuskarta ta canza. "Wayyo, baiwar Allah, dubi ƙasusuwa. Ai marar lafiya ake fara ba wa."

Ta ciro jarkar nono, ta tsiyaya a murfi.

"Hajiya, ai..." in ji Gwaggo.

"Bismillahi," in ji Hajiya, ta tura murfin cikin kwando.

Hajiya ta girmi Gwaggo, kuma kyauta ce aka yi wa marar lafiya a gaban mutane. Gwaggo ba ta taɓa mayar da hannun babba ba a rayuwarta. Ta ce Allah ya saka da alheri, ta juya fuska wajen taga. Muna jin ƙarar lasa har murfin ya bushe.

Wurin likitan ɗan ɗaki ne a bayan kantin maganin dabbobi. Mun tarar ya shirya, har ya zuƙi allura.

"Ba ta ci komai ba, ko?"

Gwaggo ta dubi ƙasa. Na ga tana murza bakin mayafinta.

"Ta sha nono a mota," in ji ta. "Wata Hajiya ce ta ba ta. Ina gani, na kasa hanawa."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ajiye allurar a hankali.

"Inna, na gode da kika faɗa. Da kin yi shiru, ban san abin da za ki koma da shi cikin kwandon nan ba. Sai bayan la'asar." Ya girgiza kai yana murmushi. "Hajiyoyin motar nan, duk wanda suka gani sai sun yi masa magani."

Muka wuni a gindin bishiyar ƙofar kantin. Da aka sauko daga la'asar ya aske mata gashin ƙafa ɗaya, ya sa mata ruwa ta jijiya, ya riƙa tura maganin barcin kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana sauraron ƙirjinta. Ni ya ba fitila in haska bakin. Yana kankara, dattin na ɓallewa kamar ƙanzo. Ya cire ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya. Ana tsakiyar aiki sai ya ajiye ƙarfen da yake aikin da shi, ya mayar da abin sauraro kunnensa. Carbin Gwaggo ya tsaya a hannunta. Ya rage gudun ruwan, ya jira, sannan ya ci gaba da sauri.

Da ya gama ya naɗe ta da tawul ya kwantar da ita a gefe. Ba ta motsa ba. Inuwar kantin ta kai tsakiyar titi, ba ta motsa ba. Ya ƙi fita duk da wani mai rago na ta sallama a waje. Gwaggo ta durƙusa tana murza mata kunne.

"Ƴar Kance. Ke, Ƴar Kance. Tashi mu tafi gida, kin ji?"

Wutsiyar ce ta fara motsi. Dakta ya miƙa hannu zai ɗaga fatar idonta, sai ta kai masa yakushi, jini ya tsattsafo a bayan hannunsa.

"Innalillahi! Marar kunya, wanda ya taimake ki?" Gwaggo ta kama hannunsa tana goge jinin da mayafinta, tana ba shi haƙuri, tana sa masa albarka, shi da iyayensa da malaman da suka koya masa, hawaye na zuba tana dariya.

"Bar shi, Inna," in ji shi. "Tun ɗazu wannan yakushin nake jira."