Allon Teku a Ka'akiyya

Ƙanena ya ga allon hawa igiyar teku a gwanjon unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki, ya nace in duba masa ko ya sha ruwa, ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba. Na ƙwanƙwasa shi kamar mai zaɓen kankana, na danna ko zai lotsa, na shinshina wata tsaga. Na ce, "Saya, a bushe yake."

Teku tana Jidda, a hanya kuma akwai shingen masu tambayar igama, takardar izinin zama, wadda dukanmu ba mu da ita. Yanzu allon yana saman ɗakinmu, matata tana shanya kuɓewa a kai. Har yau ruwa bai shige shi ba, ƙanena kuwa sai yabon idona yake yi.