Wudubi, Mataimakin Manaja

A kamfanin takalman nan ba wanda ya san shi da wani suna sai Wudubi. Mataimakin manaja ne, gajere mai tumbi, ga biro uku a aljihun gaba. Tun yana da baƙin gashi yake zaune a teburin bakin ƙofar manaja, har furfura ta ci rabin kansa.

Ran da manaja ya ce ya kusa yin ritaya, bawan Allah ya koma gida yana tafiya kamar ya haɗiyi tabarya. Ya ce sai ya sa an yi masa ɗan allo da Turanci ya kafa a tebur, kowa ya san shi ne mai jiran gado. Ya kira ƙanwar matarsa, malamar Turanci, ya nemi shawara.

Ta ce, "Yaya, rubuta manager-to-be. Shi ne wanda tabbas zai hau."

Ya zabura. "Tuɓe? Ban ma hau ba za ki tuɓe ni?"

"Ba tuɓe na ce ba, to-be."

"Kunnena dai tuɓe ya ji. Ni would-be manager nake so, ya fi cika baki."

"Yaya, wannan ai na mai mafarki ne, wanda yake so bai samu ba."

Ya ce yaran zamani kun cika iyayi.

Aka kawo allo da ruwan zinariya. Baƙi suka riƙa tsayawa suna karantawa, suna danne dariya da tari. Shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne, sai ya ƙara goge shi da hannun riga. Masu ɗinki a bayan gini suka ji, kafin sati ya zagayo would-be ya koma Wudubi a bakinsu, suna ya bi shi. Manaja kansa ya leƙo ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi ya ƙara shekara ɗaya don kada allon ya yi ƙarya.

Wudubi ya shanye, bai fasa zuwa aiki da wuri ba. Shekara ta cika, aka ba shi kujerar.

Sai dai ofishin manaja akwai na'urar sanyi, ga shi gwiwoyinsa ba sa shiri da sanyi. Bai yi wata ba ya kwaso takardunsa ya dawo tsohon teburinsa na bakin ƙofa, inda rana ke shigowa da hantsi. Daga nan yake sa hannu har ya bar aiki.