Littafin da Gara Ta Ci

A Aliero, zamanin da Nasara ba su daɗe da zuwa ba, in baƙo ya tambayi gidan Malam Gado sai a ce masa, "Zauren Inno Kubura kake nufi?" Malam Gado ya rasu ya bar littattafai ashirin da 'yan kai cikin gafakokin fata, rataye a bangon zaure. Ya kuma bar 'ya'ya biyu: Kubura, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da ƙanenta Surajo, malami mai fatauci a Jega.

Karatun Kubura bai wuce na salla ba, amma kowane littafi ta san shi da fatarsa. Wannan mai jar gafaka na fiƙihu ne, wancan mai ƙaurin hayaƙi na tarihi ne, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Ga ta da sakin hannu har ya yi yawa. Wanda ya zo aro ta ba shi. Wanda ya zo kwafa ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo tawadar da ta dafa da kanta, ta haɗa da fura. Ranar Alhamis bayan la'asar liman yakan zauna ya karanta wa manoma, mata kuma su taru a cikin gida Malama Hadiza, maƙwabciyarta, ta karanta musu nasu. Mai wasiƙar da ya rasa mai karanta masa, nan yake nufa. Akwai ma masu zuwa don furar kawai, ta san su sarai, ba ta kore su ba.

Abin da aka fi nema shi ne littafin da Malam Gado ya rubuta da hannunsa da ajami. Shekara talatin yana tara shi: taurarin damina, dashen albasa, maganin shanu, rainon jarirai. Warƙoƙi ne sake, babu ɗinki, saboda haka Kubura takan zare uku ko huɗu ta ba mutum ya tafi da su garinsu ya kwafa ya dawo. Duk duniya ba abin da take so kamar littafin nan, don in ta shafa shi sai ta ji kamar uban yana tari a zaure.

Surajo kuwa duk zuwansa sai ya yi faɗa. "Yaya, littahin Baba kika rabawa awa ƙosai? Wata rana sai kin nemai kin rasa!"

"Ka sha hura dai," in ji ta.

Wata bazara labari ya taso daga kasuwar Jega cewa Joji, Baturen mulki, zai fito rangadi, kuma wai duk littafin da ya gani karɓewa yake. Wa ya gani da idonsa? Ba kowa, ƙanen wani ne ya ji daga wani. Surajo ya iso a gigice, ya ce sauran littattafan ana samun irinsu ko'ina, amma na Baba ɗaya ne tak. Ya sa shi a tukunya, ya liƙe bakin da laka, ya binne ƙarƙashin rumbu. Kubura ta ce ba ta so, amma ita ma tsoro ya shige ta, ta ƙyale shi.

Joji ya zo, ya leƙa rijiya, ya ɗaga albasa guda ya juya ta, ya hau dokinsa ya wuce. Ko zauren bai kalla ba. Surajo ya ce duk da haka a bari damina ta wuce, Nasara ba a gane cikinsu.

Da kaka aka tono tukunya. Gindinta ya tsage, gara ta shiga ta yi biki. Kubura ta sa hannu ta ɗebo ƙasa ja da 'yan guntayen takarda kamar dusa. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izar uban. Surajo ya tsuguna gefe, ya rasa inda zai sa idonsa.

Kwana uku bayan nan sai ga Labbo, wani Bafillace mai shanu daga Karaye, ya zo aron warƙar ciwon kofato. Kubura ta faɗa masa abin da ya faru.

"Subhanalla! To Inno, ni dai na shanu suna wurina, warƙa goma sha ɗaya na kwahe. Ta kohwato ɗai ta rage min."

Kubura ta zuba masa ido. Sai ta miƙe ta ce a ɗaura wa jaki akumari.

Wata guda ta yi tana yawo, tsohuwa a kan jaki, Surajo na biye a ƙasa yana riƙe da gafaka, bakinsa a rufe karo na farko a rayuwarsa. Ba ta manta wanda ya ari me ba. A Jiga Birni aka fito da taurarin damina daga cikin jinka. A Jiga Makera wani maƙeri yana da ciwon kofaton da Labbo ya rasa. Dashen albasa kam har kwafi biyar aka samu, kowa da ƙarin da ya rubuta a gefe. Rainon jarirai kuma ashe yana bayan katanga, wurin Malama Hadiza.

Surajo ya zauna a zaure yana haɗawa da kyakkyawan rubutunsa. Littafin ya fito ya fi na da kauri. Ranar da ya gama, ya kira yayarsa, yana ta juya alƙalami.

"Yaya, akwai warƙa guda da ba wanda ya kwaha. Ta ƙarshe."

Kubura ta ce, "Ta ɓace ke nan?"

"Tana kaina. Na daɗe da haddace ta, don haushi ta ka ba ni." Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa hwaɗa miki ba. Ki gahwarce ni."

Ya karanta mata abin da uban ya rubuta: "Littattafan nan su zauna hannun ɗiyata Kubura. Surajo ya fi ta karatu, amma ita ba ta iya riƙe abu ba ta ba wani ba. Don haka na zaɓe ta."

Kubura ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kukan ya zama na gaske. Shekara da shekaru tana zaton ɓarna take yi wa uban, tana yi ne kawai don ba ta iya hanawa ba.

Ana cikin haka aka yi sallama. Labbo ne, ya dawo neman warƙar kofatonsa. Kubura ta yunƙura, amma Surajo ya riga ta. Ya zaro warƙar, ya hura tawadar da ba ta gama bushewa ba, ya miƙa.

"Ka kwahe ta biyu," in ji shi. "Ka ba maƙwabcinka guda."