Makullin Ɗakin Malam

Shekara takwas ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isa, mai tsaron mararrabar jirgin ƙasa a nan Minna. Allah Ya jiƙansa. Aikinsa duka sanda ɗaya ce ta ƙarfe: ya sauke ta in jirgi na tafe, ya ɗaga in ya wuce. Direbobi sun sha zaginsa, don wani sa'in a daɗe a tsaye jirgin bai iso ba. Shi dai yakan ce gara zagi da gawa.

Bana autanmu Nura ne ya sa nake ta tuna shi. Shi da abokansa sun buɗe kamfanin batirin keke mai lantarki, direba ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki mai caji. Sana'a ce mai kyau, na sa mata albarka. Sai watan jiya ya zo gida Tudun Wada yana neman makullin ɗakin mahaifinsa, wai zai jera batura suna caji a ciki. Na tambaye shi takardar izini. Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, in muka tsaya jiran takarda wasu za su riga mu. Manyan kamfanoni duk haka suka fara. A yi tukuna, a ba da haƙuri daga baya."

Ba zan ce ƙarya yake ba, na san yadda takarda ke tsufa a ofis. Amma bangon ɗakin nan shi ne bangon Islamiyyar unguwa, kuma da bakinsa ya taɓa gaya min batirin yakan yi zafi har ya kama da wuta. Sauri dai ya haifi nawa.

To me Malam zai ce? Mutane na zaton bai taɓa karya doka ba. Ya karya, sau ɗaya da na sani. Mota ta zo da mace mai naƙuda, sanda na ƙasa. Ya ɗaga musu, amma sai da ya je ya tsaya tsakiyar layin da jar tutarsa, yana fuskantar inda jirgin zai ɓullo, har suka tsallake. Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Ya ce min, "Hauwa, wanda ya ɗaga sanda, shi ya kamata ya tsaya kan layi."

Nura a can unguwar Shango yake kwana, nesa da ɗakin. Waɗanda za su tsaya masa kan layi 'ya'yan maƙwabta ne, ba a kuma tambayi iyayensu ba.

Na hana shi. Yau mako uku bai leƙo ni ba, abin yana cina, kuma ba ni da ƙarfin jayayya da shi. Tutar Malam tana nan cikin ɗakin, ta koɗe. Makullin kuwa yana ɗaure a haɓar zanena. Ranar da Nura ya kawo takarda zan kwance masa da hannuna. Kafin nan sanda na ƙasa. Na ga yadda ake jure zagi.