Littafin Baba Gajere Ba Hatimi Ba Ne

A cikinku wa ya taɓa ganin ɗan tsubbun da ke ajiye kiɗa yana tsaka da daɗi don ya riga ladan zuwa masallaci? Ina tambaya ne don na ji abin da ake faɗa a tashar Kankia da rumfunan shayi, kuma ba zan yi shiru ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 16 ga Yuni, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Sharafaddeen mai gyaran rediyo, wanda duk Kankia da Kusada aka fi sani da Baba Gajere mai jita. Ya dawo daga gonarshi ta hanyar Tafashiya, ya ce kanshi na sarawa, ya kishingiɗa, shi ke nan. Ya bar matarshi Inna Iyatu da ɗiyarshi Sumaiya, sai mu da muka koyi jita a hannunshi.

Baba, ni ne Abdullatif mai gyaran babur, wanda ka ce bakina ya fi yatsuna sauri. Shekara tara ke nan da na kawo maka rediyon mahaifiyata, na tarar da kai a bayan shago ka haɗa jita da tsohuwar lasifika da batirin mota, kana bin wani kaset na kiɗan rok, na Turawan shekarun saba'in. Na ce, "Baba, wannan ai kukan injin niƙa ne." Ba ka yi fushi ba. Ka miƙo mani jitar ka ce in fitar da kukan injin in gani. Na kasa fitar da ko na sauro. Washegari na dawo, kuma ban daina dawowa ba.

Ba ka jin Turanci sosai, kuma ba ka taɓa ɓoyewa ba. Tun kana yaron shago a Kaduna kake koyon waƙoƙin nan da kunne. Sai ka zura biro a ramin kaset ka mayar da shi baya da hannu don kada batir ya ƙare, mu sake sauraron guri ɗaya sau ashirin, har mu gane wace tsirkiya aka ja sama, wacce aka bari tana rawa. Kowace waƙa ka raɗa mata suna: akwai Ta Direban Tirela, akwai Mai Shaƙewa, akwai wadda kake kira Zawarci don ta fara a hankali ta ƙare da gudu. Ranar da tsirkiyar ƙarshe ta tsinke, ka aike ni na warware wayar kulocin babur, muka ɗaura zare ɗaya. Ta yi wata biyu tana yanka mana yatsu. Yatsuna suka fashe na ce na bari, kai kuma ka kawo man kaɗanya ka shafa mani da kanka, kana mani tsiya wai mai riƙe sifana yana tsoron waya.

Kada abin da ka wahala a kai ya ɓace, sai ka riƙa zana shi a wani littafi mai baƙin bango. Layi shida a tsaye, su ne tsirkiyoyi. Layukan da suka gitta, su ne ƙarafan wuyan jita. Ɗigo baƙi, nan za ka danna. Lamba, wane yatsa. Sunan waƙar kuma a sama da ajami, don da allo ka yi karatu. Shekara talatin da wani abu kana cika shi. Ni da na koyi karatu da kaina daga allunan shaguna da bayan kaset, wannan ne littafi na farko da na karanta daga bango zuwa bango.

To Baba, ga abin da aka yi bayan ka tafi. Ranar sadakar uku, wanka Badaru ya buɗe akwatinka wai yana haɗa kayan gado. Ya fito da littafin zuwa zaure, ya buɗe shi gaban masu zaman makoki yana ɗagawa, ya ce, "Jama'a ku shaida, ga hatiman da ƙanena ke ɓoyewa. Da ma na san kiɗan nan ba banza ba." Ya ga gidaje-gidaje da lambobi da ajami, ya yanke hukunci. Na miƙe na ce ba hatimi ba ne, a ba ni jita in nuna. Ya ce, "Wa ya saka da kai, ɗan tasha?" Aka fitar da ni waje.

Kai kuma Dawuda, da muka koyi jita tare, kana zaune a wurin. Shekara huɗu kana kwafar littafin nan shafi-shafi, har Baba ya ba ka aron jitarshi ka tafi da ita Mawashi. Yanzu da ka fara sa babbar riga, sai ka sunkuyar da kai kana jan carbi. Na gan ka.

Tun ranar, matan unguwa sun rage shiga wurin Inna Iyatu, tana cikin takaba. Gumbar sadaka da aka aika gidaje uku an mayar da ita. Gidajen da mutumin nan ya gyara wa rediyo da fanka ya ƙi karɓar komai! Sumaiya ta je ɗiban ruwa, wata ta janye bokitinta. Shi kuma Badaru yana cewa zai ƙona littafin don ya sauƙaƙa wa ɗan'uwanshi kwanciyar kabari.

Wanda ke ganin kiɗa bai halatta ba, ra'ayinshi ne, yana da malamanshi, Baba ma bai taɓa jayayya da su ba. Amma a ce mamaci ya yi shirka, ba ya nan balle ya kare kanshi, wannan ƙazafi ne.

Allah ya jiƙanka, Baba Gajere. Allah ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa sallolin da ka ajiye jita dominsu su tsaya maka. Inna Iyatu, Sumaiya, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya maku a inda 'yan'uwa suka juya baya.

Saura kai, Baba Badaru. Na kira ka Baba don darajar wanda ya rasu. A zaure ka faɗa, gaban mutane, don haka a zauren za ka amsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, ka fito da littafin cikakke, ba a yage ko shafi ɗaya ba. Ka kira malamin da ka yarda da shi da duk wanda ya ji ka ranar. Ka buɗe shafin da ka fi tsoro da hannunka, ni kuma in dasa yatsuna inda ɗigon ya ce, kowa ya ji abin da zai fito. Idan aljani ne, ku kore ni daga Kankia. Idan waƙa ce, za ka tsaya a ƙofar ɗakin matar ƙanenka, ka ɗaga murya yadda gidajen nan uku za su ji, ka ce ka yi mashi ƙarya. Za ka zo, ko ba za ka zo ba?