Kabejin da Malam Barmo ya gyara

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka birnin Guangzhou na China sarin tufafi ya san Malam Barmo, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke zagaya kasuwar Shahe da baƙi a bayansa, masu shaguna na kiransa "lawban", wato maigida, yana amsawa kamar da sunan aka yanka masa rago. Shekararsa goma sha shida a garin yana raka 'yan kasuwa, yana ɗaure musu dila. Amanarsa ba a magana. Aibinsa ɗaya ne: Barmo ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda ya same shi, sai ya gyara.

Ɗan Kura ne, ɗan mai lambu. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa cewa duk tohon da ya fito a gefen kara ɓarawo ne, abincin uwa yake ci; ka tsinke shi, amfani ya yi girma. Ya bar lambu shekara talatin, amma hannunsa bai manta ba, bakinsa ma haka.

Da 'ya'yansu suka kama gabansu, sai ya ɗauko matarsa Saude, ya kama musu ɗaki a hawa na shida a bayan titin Huanshi. A ganinsa gata ya yi mata. Matar da ta saba da tsakar gida da kaji da maƙwabta masu leƙowa aron rariya, ta wayi gari tsakanin bango huɗu, ba ta jin yaren gari, miji kuma ya fita da hantsi sai magariba. Cikin shekara guda ta rame, ta fara cewa ita gida za ta koma. Barmo bai iya faɗa ba, amma zaman gwauro ya ishe shi, kuma ba abin da yake tsoro kamar ranar da za ta haɗa kayanta.

Rufin bene ne ya cece shi. Saude ta hau shanya wata rana, ta tarar da wata tsohuwa 'yar China tana shuka a cikin fararen akwatunan da ake zubo kifi. Ayi take kiranta, yadda ake kiran inna a can. Ba wadda ke jin wata, amma da hannu da dariya sukan yi hira har rana ta kore su. A watan Satumba Ayi ta ba ta dashe guda shida, ganyensu sak na kabeji. Daga nan Saude ta daina maganar gida. In Barmo ya dawo, ita ke tarbarsa da labari: yau ganye ya ƙaru, yau ta kama tsutsa biyu.

A Nuwamba 'yarsu Firdausi ta yi haihuwar fari a Kano, dole uwa ta je ta yi mata wankan jego. Ranar tafiya Saude ta kai shi gaban akwatunan.

"Malam, ruwa kawai. Kada ka taɓa komai."

"Ni za ki koya wa kabeji? A cikinsa fa aka haife ni."

"Na dai roƙe ka."

Sati biyu ya yi yana bin umarni. Sai ya lura karan sai tsawo yake, ya kai gwiwa, kai kuma ya ƙi ɗaurewa. Ya ɗaga ganye, ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar goro jere a jikin kara. Ya ce a ransa, ga ɓarayin nan. Ya tsuguna ya tsinke su tas. Bayan kwana bakwai wasu suka fito, ya sake bi. Sau ɗaya Ayi ta kama shi, ta ɗora hannu a ka tana ta faɗa. Barmo ya ɗauka ƙazantar da ya zubar ce ta dame ta, ya yi mata murmushi, ya ɗauko tsintsiya ya share. Nata akwatunan suna nan bayan tankin ruwa, taku goma, amma bai taɓa leƙawa ba. Me tsohuwar birni za ta nuna wa ɗan Kura? A waya kuwa cewa yake, "Saude, za ki sha mamaki."

Ta dawo ƙarshen Janairu, jakarta cike da ƙullin iri: rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa. Ko mayafi ba ta cire ba ta hau sama, Barmo na biye yana washe baki. Ta tarar da kara shida tsirara, jikinsu duk tabo, da ɗan tulin ganye a ka.

Ayi ta zo ta kama hannunta, ta ja ta bayan tanki. Can ga nata, daga gindi har sama maƙil da ƙananan kabeji, kowanne ya ɗaure tamau. Irin shukar ke nan, ba ta yin babban kai. Abin da Barmo ya yi wata biyu yana zubarwa a shara, shi ne amfanin. Tsohuwar ta nuna na Saude, ta ce a hankali, "Meyo." Babu.

Kunya ta rufe Barmo. Ya ce, "Wallahi ban san irin wannan ba."

"Ban ce ka sani ba, Malam. Cewa na yi ka bari." Ba ta ɗaga murya ba. "Abu ɗaya ne nawa a ƙasar nan."

Ta miƙa wa Ayi ƙullin irin gaba ɗaya, ta sauka. Ba ta sake hawa rufin ba sai shanya. Bayan ƙaramar salla ta koma Kano, ba faɗa, ba saki. Tana can a gidansa, shi ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Yau shekara uku ke nan Barmo na dasa kabejin da kansa. Yana ba shi ruwa, ya koma gefe ya tsaya da hannu a baya. Ɗacinsa ma bai yi masa ba, amma yana dafawa ya cinye shi kaɗai, da nadama fal cikinsa. Bana ya yi kyau fiye da na Ayi, har ya ɗauki hoto ya tura, sannan ya kira.

"Kin gani? Ko ɗaya ban taɓa ba. Ki dawo ki tsinka da hannunki."

Ana jin kukan jika a bayan Saude.

"Sun yi kyau, Malam, Allah ya amfana. Amma waɗannan ai naka ne. Nawa guda shida ne."