Dillaliyar Irin Albasa

Taubashina, ɗan kawuna, manomin irin albasa ne a wani ƙauye kusa da Goronyo. Tun ƙarshen damina yake yafa iri a fangali, wato ɗan filin lambu da ake kewayewa don ban ruwa, ya yi ta renonsa har ya isa dashe, sannan masu lambu su zo su saya su kai gonakinsu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma wasan taubasantaka ba ruwansa da shekaru, duk abin da ya zo bakina gaya masa nake yi. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Wurno, kuma a dangi ni ce aka sani da danne-dannen waya.

Shekarar da ta gabaci wannan labari ta yi masa muni. Masu saye na nesa sun daina yawon duba iri saboda tsoron hanya. Mutum ba ya hawa babur ya taho sai ya tabbatar akwai abin da zai tarar. Irin ya tsufa a fangali har ya wuce dashe, ya tuge shi da hannunsa ya zubar. Matarsa ce ta kira ni ta ce ya yanke shawara: in bana ma haka ta faru, zai bi motar 'yan ci-rani zuwa kudu ya nemi aikin gadi. Mutum da furfura a gemu da ciwon gwiwa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar Asabar na kama hanya.

Da na ga fangalan nan sai ɓacin ran ya tafi. Kore shar, sun miƙe tsaf, ko ciyawa ɗaya babu. Na tambaye shi wa ya san yana da wannan kaya. Ya ce ai yana da shafi a dandalin sada zumunta, kullum ma yana sa hoto. Ya miƙo mini wayar yana taƙama.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Sunan shafin wata addu'a ce. Hoton da ke sama na wani masallaci ne da ba a ƙasar nan yake ba. A ƙarƙashin kowane hoton fangali ya rubuta godiya ga Allah, wani lokaci ya ƙara da cewa ga ɗan abin da ya samu. Babu kalmar albasa ko sau ɗaya, babu sunan gari. Kuma shafin a rufe yake, abokansa kaɗai ke gani, su kuwa duk maƙwabtansa ne masu irin nasu na sayarwa.

Na yi masa bayani cewa manhajar bincike ba ta gane fangali a hoto yadda manomi ke ganewa, abin da aka rubuta take bi. Don ya gani da idonsa, na rubuta irin albasa da Goronyo a wayata na bincika. Aka kawo mana labaran madatsar ruwan Goronyo da hotunan gonakin wasu ƙasashe, amma ko mai sayar da iri ɗaya babu. Nan take murna ta kama ni. Fili ne fetal ba kowa a ciki, wanda ya fara shiga shi za a fara gani. Na ce masa yanzun nan za mu rubuta abin da yake sayarwa, da inda yake, da cewa irin mai kyau ne.

Ya karɓe wayarsa ya sa a aljihu.

"Mi kic ce? In tsaya gaban duniya in yabi kayana da bakina? Wagga ba tarbiyyar gidanmu ba ta."

Na san abin da yake nufi, don a cikinsa na tashi. A wajenmu ko rumbun manomi ya cika ya batse, in ka tambaye shi sai ya ce an dai samu na kunu. Akwai kunya a ciki, akwai kuma tsoron bakin mutane. Amma ranar ba ni da haƙurin wannan. Na ce masa kunyar ce za ta kai shi ƙofar gidan wani yana gadi da tocila. Maganar ta yi zafi.

Matarsa, wadda ta kawo mana fura, ita ta raba gardamar. Ta tambaye shi, ranar da ya kai ragonsa kasuwa, wa ya ce ragon mai ƙiba ne? Ya ce dillali. Ta ce shi kuma me ya yi? Ya ce ya tsaya gefe ya yi shiru. Ta nuna ni da ludayi ta ce to ga dillaliya Allah ya kawo masa har gida, mai bakin da ba ya gajiya.

Ya daɗe yana juya maganar, sannan ya ciro wayar.

"In ke za ki hwaɗi, wanga bakinki na. Ni dai ban ce komi ba."

Washegari ranar kasuwa ce. Na bi masu lambu ina tambayarsu abin da za su rubuta in suna neman iri a waya. Wasu suka ce irin albasa, wasu suka ce dashe, na kwashe duka. Na sauya wa shafin suna ya koma irin albasa na dashe da sunan Goronyo. A wurin bayani na rubuta kamar wata ce ke ba da labarin wani manomi: yana da iri, ya isa dashe, ga lambar da za a kira. Na buɗe shafin ga kowa, na buɗe wani a dandali na biyu da suna iri ɗaya. Na sa shi ya tugo iri cikin tafin hannu na ɗauki hoton saiwar, don ita masu saye ke dubawa, kowane hoto kuma na rubuta abin da ke cikinsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ni ma na yarda da shi: sunan babban gari kawai za a sa, ban da ƙauyen, ban da hanyar gona. Duk mai so a haɗu a kasuwa.

Sai jira. Manhajar ba ta san da sabon shafi nan take ba, iri kuwa ba ya jiran kowa, kullum ƙara tsawo yake. Tsakanin darasi da darasi sai na bincika, ba komai. Wata safiya a ofishin malamai na rubuta kalmomin nan kamar kullum, sai ga tafin hannun taubashina da saiwar albasa a saman shafi. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Abokiyar aikina, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta ɗauka ƙarin girma aka yi mini. Na sa ta gwada a wayarta, nan ma ya fito, muka rungume juna muna tsalle kamar 'yan aji ɗaya.

Wanda ya fara kira wani dattijo ne daga wajen Rabah. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyensu, ya samu aron fili kusa da gari, amma lokacin yafa iri ya riga ya wuce shi. Ranar kasuwa ni ma na je don a yi cinikin a gabana. Taubashina ya kwance damin samfur, dattijon ya tambaye shi yaya irin yake. Sai na ji taubashin nawa yana cewa irin ba shi da wani kirki, sai dai a yi haƙuri da shi. Na yunƙura zan yi magana, sai dattijon ya fashe da dariya.

"Bari, ɗiyata. Tun da mai shi yac ce haka, irin ya yi. In da ya yabe shi da na tahi abina."

Ya sayi fangali da dama, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa. Daga nan kira ya riƙa shigowa daga Marnona, daga Giyawa, har daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Taubashina ya riƙa kirana yana ƙorafin cewa na hana wayarsa hutawa, amma ina jin dariya a muryarsa. Kafin sanyi ya kankama fangalan sun koma ƙasa tsirara, har ya tura masu saye na ƙarshe wurin maƙwabtansa.

Ranar da motar 'yan ci-rani za ta tashi ina ƙauyen. Muka raka mutanen unguwa masu tafiya tasha, aka ɗaure jakunkuna, aka yi ta sallama da addu'a. Taubashina yana tsaye kusa da ni, wandonsa a naɗe, laka ta bushe a ƙafarsa. Ya ɗaga musu hannu har motar ta sha kwana. Sannan ya ce in yi haƙuri ba zai iya raka ni ba, ya baro ruwa yana gudu a gonarsa ta noman rani.